Filash Mai Jan Zare

Wata firinta ce ta raɗa wa Injiniya suna. Shekara shida ke nan, a ofishin makarantar da yake aikin akawu, firintar ta tsaya cak ana tsakiyar buga takardun jarrabawa, malamai suka yi cirko-cirko a kanta. Shi kuwa ya zagaya ta baya, ya buɗe murfi, ya zaro wata takarda da ta cukurkuɗe, ya mayar da murfin. Firinta ta ci gaba da aiki. Shugabar makaranta ta ce, "Ashe muna da injiniya a gidan nan ba mu sani ba." Ita da wasa ta faɗa, shi kuma bai ji wasan ba. Washegari ya zo aiki da ɗan sukundireba a aljihun gaban riga, kuma har yau yana nan, ko da yake babu wanda zai rantse ya taɓa ganin ya kwance wani abu da shi.

Sunan ya bi shi har gidan surukinsa, inda ya fi ko'ina karɓuwa. Can in rimot ya ƙi aiki a kira Injiniya, in waya ta cika a kira Injiniya. Yawanci batir ne ya ƙare ko hotuna suka yi yawa, amma ba ya taɓa gyara komai sai ya fara yin bayani.

Surukin nasa, wanda kowa ke kira Baba, tsohon ma'aikacin gidan waya ne. Shekara talatin da huɗu ya yi yana dukan tafireta, shi ya sa da babban ɗansa ya aiko masa da laftof, da irin wannan ƙarfin ya riƙa dukanta, har haruffa uku suka goge daga kan madannansu. Kuma ba wasa yake yi da ita ba. Bayan rasuwar matarsa ya fara lura abubuwa suna zame masa, yau sunan maƙwabci, gobe hanyar asibitin da ya shekara ashirin yana bi. Likita bai ɓoye masa ba, ya ce irin wannan mantuwar gaba take yi, ba ta komawa baya. Baba ya dawo gida bai ce wa kowa uffan ba, ya buɗe laftof, ya soma rubuta rayuwarsa tun kafin ta gama tsiyayewa. Kullum da safe awa biyu, da yatsu biyu, har shekara uku, ya tara shafi ɗari huɗu da goma sha biyu. A 'yan watannin nan karatun ya fi rubutun yawa. Sai a tarar da shi ya kafa tabarau yana bin wani tsohon shafi, yana murmushi, yana cewa, "Ashe haka aka yi."

Auta, 'yarsa ta ƙarshe, ita ce matar Injiniya. Ta ce ba za ta karanta ba sai an gama, don ta san mahaifiyarta na ciki, ita kuwa ba ta shirya kuka ba tukuna. Sauran 'ya'yan duk suna nesa. Saboda haka, wata takwas da suka wuce, Baba ya sayi filash, ya kwafe littafin a ciki yadda aka koya masa, ya ɗaura mata jan zare don kada ta ɓace, ya damƙa wa mijin 'yarsa.

"Kai ne mai ilimin zamani. Ka karanta, ka gaya mini inda na yi shirme."

Injiniya ya karɓa da hannu biyu, ya maƙala ta a jikin makullansa. Niyyarsa mai kyau ce, wannan kam ba za a ƙwace masa ba. Sai dai shafi ɗari huɗu ba nan kusa ba ne, ga aiki, ga kallon ƙwallo, ga bidiyoyin gyaran kwamfuta. Bayan mako biyu Baba ya tambaye shi, ya ce ya fara. Bayan wata guda ya ce ya yi nisa. Da aka kai wata uku kunya ta hana shi ci gaba da yin nisa, sai ya ce ya gama.

"Har ƙarshe?" in ji Baba.

"Har ƙarshe, Baba. Ai in mutum ya fara ba ya iya ajiyewa."

"Ina ya fi yi maka daɗi?"

"Wallahi Baba, da wuyar zaɓa. Amma wajen tsakiyar nan..." Ya girgiza kai kamar abin ya fi ƙarfin baki.

Baba ya ji daɗi har sai da ya cire tabarau ya goge ido. Filash kuwa, tun ranar da aka ɗaura mata zare ba ta sake shiga ramin wata kwamfuta ba.

Ana nan sai laftof ɗin Baba ta fara ciwo. In an kunna ta sai an sha shayi an wanke kofi kafin ta buɗe ido, wani lokaci kuma tana cikin aiki sai ta ɗauke ɗif. Auta ta ce a kai wa matar nan mai gyara da ke ƙarƙashin matakalar benen kasuwa, kowa yana yabon hannunta. Injiniya ya yi dariyar wanda ya san abin da wasu ba su sani ba.

"Masu shagunan nan? Su buɗe miki kwamfuta su cire sabon kaya su sa tsoho. Ciwon a babbar manhaja yake, wadda ke tuƙa komai da komai. Fomat za a yi mata, a zuba sabuwa. Aikin awa ɗaya ne."

Bai taɓa yi ba. Ya dai kalli bidiyon yadda ake yi, a gurguje, yana tsallake duk inda mai bayanin ya cika surutu.

Ranar Asabar da ƙarfe tara suka iso gidan Baba, Injiniya na rungume da kwamfutar ofis, wadda ya riga ya sauke sabuwar manhajar a cikinta. Aka kwashe jaridu da kwalaben magani daga teburin falo, aka jera kwamfutoci biyu ƙarƙashin agogon bangon da aka ba Baba ranar ritaya. Auta ta shiga kicin. Sai da ya zauna ya laluba jaka ya tuna ya baro filash ɗinsa a durowar ofis. Bai damu ba. Ya ciro makullansa, ya kwance mai jan zare.

"Abin da za a yi, Baba, mai sauƙi ne. Ita kwamfuta in za ta tashi, daga cikinta take tashi, kuma ba za ta iya share kanta tana cikin aiki ba. To za mu haɗa filash ɗin nan yadda kwamfutar za ta tashi daga gare ta. In ta tashi daga waje, sai mu share cikin nata mu zuba sabo."

"To rubutuna fa?"

"Shi za mu fara tsarewa. Ƙa'ida ta farko a wannan sana'a tamu, kada ka taɓa komai sai ka kwafi kayanka ka ajiye gefe."

Kuma ya yi hakan, a gaban idon Baba. Ya jira laftof ta gama miƙa, ya soka filash a ramin dama, ya kwafi littafin har da shafukan da aka ƙara daga baya, ya nuna wa Baba sunan fayil ɗin da kwanan watansa. Baba ya matso da fuska ya karanta, ya gyaɗa kai. Tunanin ajiye wani kwafin a kwamfutar ofis ya ɗan gifta wa Injiniya, amma an hana sa kayan waje a cikinta, shi ne ma ya buga sanarwar hanin ya liƙa a bango.

Ya zare filash, ya soka ta a kwamfutar ofis, ya buɗe 'yar manhajar da ke haɗa filash ta zama ta tayar da kwamfuta, ya danna farawa. Wani ɗan akwati ya fito a tsakiyar allo da alamar gargaɗi ruwan ɗorawa, da manyan baƙaƙen Turanci, yana cewa duk abin da ke cikin wannan filash zai hallaka. A daidai lokacin Injiniya ya juya yana ba Baba labarin wata malama a makarantarsu da ta rasa sakamakon aji guda saboda sakacin rashin ajiye kwafi. Ya danna amincewa da wutsiyar ido, ya ƙarasa labarinsa.

A ganinsa manhajar za ta shiga ne ta zauna kusa da littafin, yadda fayil ke zama kusa da fayil. Ba haka take yi ba, sai ta share wurin kafin ta shiga. Kafin Baba ya kurɓi shayi sau biyu, littafin ya bar filash mai jan zare. Kwafi ɗaya ya rage a duniya, a cikin tsohuwar laftof, wadda Injiniya ya naɗe hannun riga zai share.

A faɗi gaskiya, tsohuwar laftof ta yi iya ƙoƙarinta a ranar. Da aka soka mata filash aka kunna, ta yi kamar ba ta gan ta ba, ta tashi daga cikinta yadda ta saba, ta buɗe wa Baba shafin da ya tsaya jiya. Aka kashe aka sake, ta sake buɗo shafin. Sau uku tana nuna musu shi.

"Taurin kai gare ta," in ji Injiniya. "Akwai madannin da ake dannawa tana cikin tashi."

Bai san wanne ne ba, don haka ya riƙa dukan na layin sama duka da yatsu huɗu, kamar mai kiɗa a kan tebur. A karo na biyar wani shuɗin allo ya fito, cike da ƙananan rubutu. Injiniya ya gyara zama. Nan ne can cikin kwamfuta, inda ake gaya mata wurin da za ta fara dubawa in za ta tashi. Ya ɗaga filash ya kai ta saman jeri, ya ajiye, ya sake kunnawa. Allo ya yi baƙi ƙirin, da ɗan layin rubutu fari a lungu, yana cewa ba a sami abin tashi ba.

Awa ɗaya ta wuce, ta biyu ta bi ta. Ya koma bidiyon a wayarsa, ya kalli wani wurin da ya tsallake, ya gano akwai tsari biyu na haɗa filash, tsoho da sabo, shi kuma ya zaɓi wanda bai dace da tsohuwar kwamfuta ba. Ya mayar da filash kwamfutar ofis don ya sake haɗa ta. Ɗan akwatin ya sake fitowa daidai lokacin da Auta ta shigo da tire.

"Me wannan yake cewa?" ta tambaya.

"Ladabinsu ne kawai. Komai za ka yi sai sun tambaye ka ko ka tabbata."

Ya danna kafin ta ajiye tiren. Aka sake gwadawa, allo ya sake yin baƙi.

Yanzu kam zufa ta fara karyo masa, duk da fanka na juyawa a kansa. Ya ce lallai filash ɗin ce ba ta da lafiya, irin na bakin titi ne. A cikin 'yar manhajar akwai wani wuri da ake sa alama in ana so ta bi filash lungu-lungu ta gwada lafiyarta. Ya sa alamar. Yadda take gwajin shi ne ta rubuta wani abu a kowane lungu ta karanta ta gani. Da a ce akwai ɓurɓushin littafin da ya maƙale a wani wuri, wanda gwani zai iya tonowa, to awa ɗaya da rabi da aka yi ana wannan gwajin ta bi ta kansa. A cikin lokacin suka yi salla, suka ci abinci. Sakamako ya fito, filash lafiyarta ƙalau.

Baba ya dubi yadda rigar surukinsa ta jiƙe, tausayi ya kama shi.

"Ko a bar ta haka, ɗana? Na saba da nauyinta. Ni ma ba sauri nake yi ba."

Wannan ita ce ƙofa mafi faɗi da aka buɗe masa a ranar, kuma saura kaɗan ya bi ta. Sai Auta, da kyakkyawar niyya, ta ce, "Mai gyaran nan ba ta tashi sai ƙarfe shida, in za a kai mata."

"Babu inda za a kai ta," in ji Injiniya. "Ni na fara, ni zan gama."

Ya koma shuɗin allon, ya gano wani makullin tsaro da ke hana kwamfuta tashi daga baƙon wuri, ya kashe shi. Ya sake haɗa filash a karo na huɗu, kuma yanzu hannunsa ya ƙware, tun kafin ɗan akwatin ya gama fitowa ya danne shi. Laftof ta sake ƙi.

Auta ce, tana zaune a hannun kujera tana latsa waya, ta karanto cewa wasu tsofaffin kwamfutoci ba sa tashi daga kowane rami, a gwada ɗayan.

"Abin da nake shirin yi ke nan," in ji shi.

Ramin hagu kuwa ya saki, filash in ta shiga sai ta yi ta lilo. Baba ya yi murmushi, ya jawo kujerarsa kusa. Tun safe yake zaune ba shi da amfani, ga shi yanzu an zo wurin da ya fi kowa sani.

"Wannan sai da dabara. Ɗaga ta ake yi sama kaɗan, a riƙe. Kawo ka gani."

Ya sa babban yatsansa ƙarƙashin filash ya tokare. Injiniya ya kunna. Allo ya yi baƙi, ya yi jim, sai ga wasu ɗige-ɗige suna zagayawa, sai ga sabon allo mai haske yana yi musu maraba. Auta ta tafa. Injiniya ya jingina da kujera ya sauke numfashi.

Manhajar ta tambaya ko a bar abin da ke cikin kwamfutar ko a share. Ya zaɓi sharewa. Ta sake tambaya, sharewar sama-sama ko ta ƙwarai, wadda ba ta barin komai. Injiniya ba mutumin aikin sama-sama ba ne, ya zaɓi ta ƙwarai.

"Baba, sai kun daure fa. In aka saki a tsakiya aikin ya lalace."

"Ba zan saki ba."

Ya fi awa ɗaya yana riƙe. Auta ta ce ya bari ta karɓe shi, ya ce a'a, ita ba ta san hannun ba. Ta kawo matashi ta sa masa ƙarƙashin gwiwar hannu. Lamba tana ta hawa a allo, shi kuma yana hira, ransa fari.

"Saura babi ɗaya in gama. Jiya na so in tuna launin mayafin da mahaifiyarku ta yafa ranar da ta fara zuwa kantarmu sayen kan sarki. Na yi, na yi, ya ƙi zuwa. Sai na duba, ga shi nan a rubuce, har da abin da ta ce mini da na ba ta canji ba daidai ba. Ka tuna wurin, Injiniya?"

"Ƙwarai kuwa, Baba."

"Wane launi ne ma? Ka ga har ya sake tafiya."

"Baba, ku duba, ta kai saba'in da tara," in ji Injiniya, yana nuna allo.

Bayan la'asar aka gama. Laftof ta tashi cikin ƙiftawar ido, fes da ita, ba ko tabo. Baba ya saki filash, yana murza yatsansa da ya yi tsami, ya sa wa surukinsa albarka har sau biyu.

"To, a dawo mini da rubutuna."

Injiniya ya buɗe filash. Wasu foldodi ne a jere masu baƙin sunaye, babu wanda ya sani a ciki. Ya buɗe na farko, ya buɗe na biyu. Ya rubuta sunan littafin a wurin nema, aka ce babu. Ya rubuta rabin sunan. Ya zare filash ya soka a kwamfutar ofis, ko can za ta faɗi wata magana dabam. Nan ɗan akwatin nan mai alama ruwan ɗorawa ya dawo masa a rai, kuma abin mamaki, yanzu da ba ya gabansa ya iya karanta shi tsaf.

"Sai an ɗan ba ta lokaci, Baba," ya ce. "Akwai wani ɗan saiti da ya rage. Bari in tafi da ita, in dawo da ita."

Baba ya ce babu komai. Auta kuwa ta daɗe da sanin fuskar mijinta. Suna fita ƙofar gida ta tsaya.

"Me ka yi?"

Ya gaya mata a tsaye a bakin titi. Ba ta yi masa faɗa ba, shi kuwa ya so a ce ta yi. Ta dubi agogon wayarta kawai ta ce biyar da kwata.

Shagon mai gyara bai fi a shimfiɗa tabarma biyu ba. Fitila mai dogon wuya, tarin matattun kwamfutoci har rufi, da kwalaye cike da ƙananan kusoshi. Matar ta saurare shi har ƙarshe ba ta katse shi ba, sannan ta fara tambaya a hankali, kamar likita.

"Sau nawa ka haɗa filash ɗin?"

"Huɗu."

"Ka sa ta gwajin nan na lungu-lungu?"

"Na sa. Don a tabbatar."

"Laftof ɗin fa, wace sharewa ka zaɓa?"

Ya faɗa mata. Ta juya jan zaren a yatsa.

"Mutane da yawa suna zuwa mini da irin wannan, kuma yawanci ina samo musu wani abu, saboda ba su iya sharewa ba. Kai kam ka iya. Ko ni aka ba aikin, iyakar abin da zan yi ke nan."

Ba da gatse ta faɗa ba, shi ya sa ta fi zafi. Ta kifa laftof ɗin, ta haska ramukan iska da fitila, ta tambayi abin da ke damunta tun farko. Auta ta ce nauyi, da mutuwa tana cikin aiki.

"Fankarta ce ta toshe da datti, zafi ke kashe ta. Kusoshi huɗu za a kwance a busa. Da ɗan sukundireba irin na aljihunka ma an gama."

Ta ce duk da haka su bar mata, za ta gwada. Kwana biyu ta yi tana gwadawa. Ranar Litinin da rana ta kira Auta ta ce su zo su ɗauka, ta busa fankar, amma ko layi ɗaya ba ta samu ba.

"Kai za ka gaya masa," in ji Auta. "Ni ba zan iya ba."

Da yamma, bayan an tashi aiki, suka tarar da Baba a falo, ya share teburin ya ajiye tabarau a kai, yana jira. Kwana biyu bai karanta komai ba, kuma ana gani a fuskarsa. Injiniya bai hau kujera ba. Ya durƙusa a kan kafet, ya ajiye laftof, ya faɗi abin da ya faru tun daga ɗan akwatin har zuwa shagon mai gyara. Karo na farko ke nan a rayuwarsa da ya yi bayani gajere.

Baba ya sa ya maimaita. Ya maimaita.

"Har na cikin mai jan zaren?"

"Har shi, Baba."

"Lokacin da nake riƙe da ita ke nan."

"Na cikin laftof ɗin, eh. A lokacin ne."

Baba ya dubi babban yatsansa, ya daɗe yana dubawa. Agogon bango yana ta bugawa. Auta na tsaye a bakin ƙofar kicin ta toshe baki da gefen mayafi. Injiniya ya sunkuyar da kai yana jiran duk abin da zai zo, zagi ko kora, kuma a ransa ya yarda ya cancanci kowanne. Baƙin cikinsa na gaske ne, don yana ƙaunar tsohon nan.

Sai ya ji hannu a kafaɗarsa.

"Tashi, ɗana. Tashi ka zauna. Ba da gangan ka yi ba, na ga yadda ka sha wahala ranar nan." Baba ya numfasa. "Ka ga ikon Allah? Lokacin da na ba ka filash ɗin nan, har na ce a raina me ya sa zan ɗora wa mutum karatun shirmen tsoho. Ashe tanadi ne. Da a kaina kaɗai yake, da shi ke nan, don nawa kan ya zama rariya. Amma kai ka karanta shi har ƙarshe, ga ka da ƙuruciya, ga ƙwaƙwalwa."

Auta ta sauke mayafin daga bakinta. Hawaye na zuba, amma fuskarta ta washe.

"Haka ne fa," ta ce. "Wallahi na manta ka karanta."

"Ba sai kalma da kalma ba," in ji Baba. "Kai dai ka riƙa tuna mini abin da ya faru a kowane babi, ni kuma in na ji bakin zaren zan kama. Kullum in ka taso aiki, ko awa ɗaya ce. Ai za mu gama kafin in ƙarasa mantawa, ko?"

Ya jawo laftof da kansa, ya buɗe, ya kunna. Nan take ta tashi, ba jira. Ya tura ta gaban Injiniya, farin shafi a buɗe, ɗan layin nan yana ƙiftawa a samansa. Auta ta zo ta zauna a ƙasa kusa da ƙafar mahaifinta. Ta ce yanzu kam ta shirya ji.

Injiniya ya ɗora yatsunsa a kan madannan da Baba ya goge wa haruffa. Bai taɓa jin kunya da tsoro irin na wannan lokacin ba.

"Fara da mayafin nan," in ji Baba, yana gyara tabarau. "Tun ranar Asabar yake cin raina. Wane launi ne?"

Injiniya ya ƙura wa farin shafin ido.

"Kada ka yi sauri," in ji Baba. "Na san yana nan a kanka."